Ina Aka Kai Mai Buga Ƙararrawa?

Idan aka tara ɗalibai aka ce su lissafa finafinan zane na kamfanin Disney, wato waɗanda muke kira katun, sunan da zai fara fitowa daga bakinsu shi ne na ɗan zakin nan Simba. Bayansa sai budurwar da ta yar da takalminta a gidan sarki, sai kuma yaron da ya tsinci fitila mai aljani. Da wuya a sami ko mutum guda da zai ambaci The Hunchback of Notre Dame, wato Mai Ƙusumbin Notre Dame, wanda aka fara nunawa ran 21 ga watan Yuni, 1996. Mu kuwa a ganinmu, cikin dukan abin da kamfanin nan ya zana a waɗancan shekaru babu wanda ya kai shi nauyi. Muna kuma ganin ba a yi masa adalci ba, waɗanda suka fi kowa tauye masa hakki kuwa su ne masu shi.

Asalin labarin littafi ne. Wani marubucin Faransa mai suna Victor Hugo ya wallafa shi a 1831, ya sa masa sunan babbar majami'ar birnin Paris, Notre Dame, wadda aka sa harsashin gininta tun 1163. A zamanin Hugo ginin ya tsufa ya lalace, ba mai kula da shi. Littafin ne ya farkar da Faransawa, har a 1844 aka soma gyaran da ya ɗauki shekara 20.

Ga yadda fim ɗin ya kawo labarin, domin waɗanda ba su gani ba. Akwai wani alƙali a Paris mai suna Furolo, mutum mai tsananin ƙin Romani, wata kabila mai yawo wadda Turawa suke kira Jipsi, suna yi mata kallon ɓarayi da masu sihiri. Wani dare ya bi wata mace daga cikinsu a kan doki, yana zaton kayan sata ta rungume, har ta faɗi ta mutu a kan matakalar majami'a. Da ya buɗe ƙunshin sai ya ga jariri ne mai ƙusumbi da karkatacciyar fuska. Ya nufi rijiya zai jefa shi, sai babban firist na majami'ar ya fito ya tare shi, ya ɗora masa alhakin jinin matar. Furolo ya tsorata, amma bai tuba ba. Ya yarda zai riƙe yaron bisa sharaɗin a ɓoye shi can saman hasumiya inda ƙararrawa take, kada kowa ya gan shi. Sunan yaron Kwasimodo. (Ku 'yan ajin ilimin addini ku lura, wannan suna ne na Lahadin da ke bin Ista a tsohuwar al'adar ikilisiyar Turai, kuma a cikin littafin ran wannan Lahadi aka tsince shi.) Shekara 20 yana can sama yana buga ƙararrawa, yana leƙen mutanen gari, yana sassaƙa siffofinsu da itace, maigidansa kuwa kullum yana koya masa cewa shi dodo ne, duniya ba za ta karɓe shi ba.

Ran 6 ga Janairu, 1482, ranar da mutanen Paris ke yin Bikin Wawaye, sai ya saci jiki ya sauko. A wannan biki akan naɗa wanda ya fi kowa muni sarauta. Aka naɗa shi, aka yi ta tafi, shi kuwa murna ta cika shi gama a karo na farko jama'a suna kiran sunansa. Kafin a ce me, wani soja ya jefe shi da tumatir, sauran suka bi sahu, aka ɗaure shi da igiya a kan dandamali ana juya shi ana dariya. Ya kira maigidansa ya cece shi, Furolo ya kau da kai. Mutum ɗaya ce ta hau dandamalin, wata 'yar rawa daga Romani mai suna Esmeralda. Ta share masa fuska, ta yanke igiyar, ta kuma gaya wa alƙalin gaskiya a gaban taro. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar kwana ya san irin wannan rana. Ya san yadda wasa yake rikiɗewa ya zama mugunta ba tare da wani ya ba da umurni ba, ya kuma san yadda yake da wuya mutum ya zama na farko da zai ce ya isa.

Abin da ya sa muke ƙaunar fim ɗin ya wuce tausayin naƙasasshe. Akwai wurare biyu da muke so ku kalla da natsuwa. Na farko shi ne sa'ad da Esmeralda ta shiga majami'a neman mafaka, gama a dokar wancan zamani sojoji ba su da ikon kama wanda ya fake a ciki. Ta tarar da masu sujada suna tafe da kyandir, wannan na roƙon dukiya, wancan na roƙon suna. Ita da ba ta tabbata ma ko za a saurari irinta ba, sai ta yi roƙo domin waɗanda suka fi ta wahala. Na biyu shi ne daren da Furolo ya tsaya shi kaɗai a gaban murhu, sha'awar yarinyar nan tana cinsa. A nesa ana jin firistoci suna rera addu'ar furta zunubi da harshen Latin, kowa yana ɗaukar laifinsa a kansa. Shi kuwa a daidai wannan lokaci yana lissafa adalcinsa, yana ɗora laifin a kan yarinyar, da Shaiɗan, har da Mahaliccin da ya yi shi. Wanda ya san misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka sura 18 ba ya bukatar a yi masa bayani. Alan Menken ne ya tsara kiɗan, Stephen Schwartz ya rubuta kalmomin, kuma sun san abin da suke yi. Mugayen da ke cikin sauran finafinan Disney sun san su mugaye ne, har suna alfahari da haka. Furolo kuwa har ya ƙone gidan mai niƙa da iyalinsa a ciki yana ganin aikin Allah yake yi. Irin wannan mugun shi ne wanda za ku fi haɗuwa da shi bayan kun bar makaranta, wani lokaci ma a madubi.

Ƙarshen ma ba irin wanda aka saba ba ne. Kwasimodo ya ceci Esmeralda daga wuta, amma ba shi ta aura ba. Zuciyarta tana wurin Fibus, hafsan sojan da ya ƙi bin umurnin ƙone gidan nan. Kwasimodo da hannunsa ya haɗa hannuwansu. Ƙusumbinsa bai miƙe ba, ba wani sihiri da ya mai da shi kyakkyawan ɗan sarki. Abin da ya samu shi ne ya fito ƙofar majami'a da rana tsaka, wata ƙaramar yarinya ta matso ta taɓa fuskarsa.

To, me ya sa aka manta da shi? Ba domin ya faɗi a kasuwa ba ne. Ya tara kamar dala miliyan 325 a duniya, shi ne na biyar a cikin finafinan da suka fi kawo kuɗi a 1996. Sai dai shekara biyu kafin nan fim ɗin Simba ya tara fiye da dala miliyan 760. A cikin Amurka kaɗai Simba ya haura miliyan 300, Kwasimodo kuwa da ƙyar ya taɓa miliyan 100. A wurin ɗan kasuwa, ɗan da ya kawo riba kaɗan bayan wansa ya kawo mai yawa kamar asara ya jawo.

A nan ne maganar wuraren shaƙatawa ta shigo, kuma dole mu ɗan yi bayani, gama ba irin filin da ke da lilo biyu da mai sayar da alewa muke nufi ba. Kowannensu kamar gari ne guda da aka kewaye, a biya kuɗi a shiga. A ciki akwai tituna da shaguna da gidajen wasan kwaikwayo, da ƙananan jiragen da ke ɗaukar mutum su ratsa da shi cikin ɗakunan da aka gina labarin wani fim a ciki, da mutum-mutumi masu motsi da magana. Na farkonsu, Disneyland, an buɗe shi a jihar Kalifoniya a watan Yuli na 1955. Daga baya aka yi na Fulorida a 1971, na Tokyo a 1983, na kusa da Paris a 1992, na Hong Kong a 2005, na Shanghai a 2016. Miliyoyin mutane ke shiga kowace shekara. Fim ɗin da aka gina wa ɗaki a irin wannan wuri ba ya tsufa, domin kowace shekara sababbin yara suna zuwa su gan shi, su koma gida su nemi a nuna musu. Fim ɗin Peter Pan na 1953 ne, amma tun 1955 yara suke bin layi su hau jirginsa. Wanda ba a gina wa kome ba kuwa, sai ya zauna a hannun waɗanda suka riga suka san shi, su tsufa tare.

Da farko an yi wa Kwasimodo hidima, ba za mu ɓoye ba. Ranar da fim ɗin ya fito aka buɗe masa wasan kwaikwayo a wurare biyu. A Kalifoniya an shirya wani fili a buɗe, 'yan kallo suna zaune a tsakiyar bikin kamar su ne mutanen Paris, 'yan wasa suna kewaye da su. Wannan bai kai shekara biyu ba, aka rufe shi a watan Afrilu na 1998. Na Fulorida, a wurin da a lokacin ake kira Disney-MGM Studios, ya fi daɗewa. Wasa ne na kamar rabin awa, inda ƙungiyar Romani suke ba da labarin da waƙa da 'yan tsana da tufafi masu launi, ana yinsa sau da yawa a rana. Mutane da dama da suka gan shi sun ɗauka da kyamararsu, ana kuwa samun hotunan a YouTube, mai so ya duba ya ga yadda 'yan kallo suke tafi. Shekara shida ya yi, aka rufe shi a watan Satumba na 2002. A 2016 aka rushe unguwannin da wasannin biyu suka zauna, na Kalifoniya da na Fulorida, aka gina wa finafinan yaƙin taurari na Star Wars wuri a kansu, aka buɗe a 2019.

Ku gwada wannan da abin da aka yi wa 'yan'uwansa. Wasan Beauty and the Beast, na kyakkyawa da dodo, an fara shi a wancan wuri na Fulorida a 1991, ya haura shekara 30 ana yi. Na Simba an buɗe shi a 1998, shi ma ya zarce shekara 25. 'Yar ruwan nan Ariel an gina mata jirginta a 2011 da 2012. Kwasimodo ba a taɓa gina masa ko ɗaya ba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne na Faransa. Wurin shaƙatawar Disney na can bai fi kilomita 32 daga majami'ar Notre Dame ba. A 2014 aka gina wa fim ɗin Ratatouille unguwa guda a ciki, da tituna irin na Paris da gidan abinci da jirgin hawa. Labarin ɓera ne mai dafa abinci. Ba mu da faɗa da ɓeran, fim ɗinsa mai daɗi ne, amma a ce a bakin Paris ɓera ya sami unguwa, mai buga ƙararrawar Notre Dame bai sami ko rumfa ba!

Abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne. Akan sa waƙarsa ta marmarin fita waje a wasan wuta na dare, a haska hotonsa a jikin bangon fada na ɗan lokaci, kamar yadda aka yi a Paris daga 2012, da Fulorida daga 2017. Sa'an nan a 2013 aka kafa wani ɗan akwatin kiɗa a wani lungu na Disneyland, da sunan Kulofan, shugaban Romani mai ba da labarin. Yaro ya kama hannun akwatin ya juya, kiɗa ya tashi, ƙananan siffofi su yi ta rawa. Harbi a wutsiya ya fi kuskure, mun gode. Amma ku dubi abin da aka zaɓa a sa a cikin akwatin: Bikin Wawaye, wato ranar da aka naɗa shi sarkin muni. Aka fito da shi lokacin biki, aka yi ta tafi, da kasuwa ta watse aka mayar da shi hasumiya. Kamfanin ya yi wa fim ɗin kusan abin da mutanen Paris suka yi wa yaron.

Akwai masu cewa fim ɗin ya yi wa yara nauyi, wurin shaƙatawa kuwa wurin dariya ne. Muna ba su rabin gaskiya. Ko da yake hukumar tace finafinai ta Amurka ta sa shi a jerin waɗanda kowa zai iya kallo, mu ba za mu zaunar da ɗan shekara biyar a gaban daren Furolo ba. Amma ɗan shekara 12 ya riga ya san ba'a. Ya ga an kwaikwayi tafiyar gurgu, ya ji an maimaita maganar mai i'ina, watakila shi ma ya yi dariya. Ɓoye masa fim ɗin ba zai ɓoye masa duniya ba. Kuma a cikin dubban yaran da ke shiga waɗannan wurare kullum akwai masu keken guragu, da masu tabo a fuska, da waɗanda bayansu ya lanƙwashe. Suna zagayawa daga safe har dare, duk jarumin da suka gani dogo ne kyakkyawa, duk mai muni kuwa ko mugu ne ko abin dariya. Yaro yana koyon darasi daga abin da aka rataya a bango ko ba a buɗe baki ba, kowane malami ya san haka.

Wata suka ta fito daga gidan Hugo kansa. A 1997 waɗansu daga zuriyarsa suka rubuta wasiƙa a jaridar Libération ta Faransa, suna kuka cewa an mai da aikin kakansu haja, ana sayar da 'yan tsanansa, ba a ko sa sunansa a takardun talla ba. Kukan sunan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma an sauya labarin ƙwarai. A littafin an rataye Esmeralda, Kwasimodo kurma ne saboda ƙarar ƙararrawa, ya kuma mutu a kabarinta. Furolo na littafin ma babban firist ne. Masu fim suka mai da shi alƙali, suka ƙago wani firist mai kirki dabam, ba kuwa sai an gaya mana wa suke tsoron ɓata wa rai ba. Sai dai Hugo da kansa ya taɓa sauya ƙarshen labarin sa'ad da ya rubuta shi domin wasan waƙa a 1836, saboda haka ba Disney ne suka fara ba.

Inda fim ɗin ya yi rauni a ganinmu shi ne mutum-mutumin dutse guda uku da aka ba Kwasimodo su zama abokan hirarsa. An sa su ne don yara su yi dariya, amma sukan shigo da barkwanci a inda bai dace ba, har suna rera waƙar raha alhali gari yana cin wuta. (Dodannin dutsen da suka yi suna a saman hasumiyoyin nan ma, waɗanda masu yawon buɗe ido ke ɗauka hoto, a gyaran da aka fara a 1844 aka ɗora su. A 1482 babu su.) Haka kuma, ko da yake fim ɗin yana bayan Romani, bai rabu da tsohon hoton da Turawa suka yi musu na masu duba da rufa-ido ba. Waɗannan aibobi ne na gaske. Amma finafinan da aka gina wa fadoji ba su fi shi tsabta ba.

Wani zai ce, mu da yawancinmu ba za mu taɓa taka ƙofar Disneyland ba, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne abin da aka ɗaukaka a can shi yake biyo hanya ya iso kasuwanninmu, a jikin jakar makaranta da rigar yara da bangon littafin rubutu. Ku duba jakunkunan 'yan firamare ku ƙirga 'ya'yan sarki nawa ne a jiki. Wani ne a nesa ya zaɓi fuskokin da ƙannenku za su tashi suna ɗauka su ne kyau.

Ba jirgin hawa muke roƙa wa Kwasimodo ba. Labarin da ke da mace matacciya a kan matakala bai dace da abin da za a hau ana ihu ana ɗaga hannu ba, a nan muna tare da zuriyar Hugo. Abin da ya dace da shi shi ne abin da aka ƙwace masa, wato dandalin wasan kwaikwayo da muryoyin mutane. An riga an gwada an gani. A 1999 aka buɗe cikakken wasansa a birnin Berlin na Jamus, da Jamusanci, ya yi shekara uku ana cika ɗaki, a can ma an bar Esmeralda ta mutu kamar yadda Hugo ya rubuta. A 2014 da 2015 aka yi na Turanci a Kalifoniya da New Jersey, da babbar ƙungiyar mawaƙa a tsaye a kan dandali daga farko har ƙarshe. Kamfanin bai kai shi Broadway ba, wato unguwar manyan gidajen wasa ta New York. Aka ba makarantu da ƙananan ƙungiyoyi izinin yinsa, suka kuwa karɓa hannu biyu. Ɗalibai masu shekarunku ne suka riƙe wasan da masu shi suka ajiye.

Ran 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta ci rufin Notre Dame, doguwar tsinin da ke tsakiyarta ta faɗi duniya tana kallo. Hasumiyoyin ƙararrawa biyu, masu tsawon mita 69, suka tsira. A makon nan littafin Hugo ya koma kan gaba a kasuwar littattafai ta Faransa, kamfanin Disney kuma ya yi alkawarin dala miliyan 5 domin gyara. Kyauta ce mai kyau, ba mu raina ba. An sake buɗe majami'ar ran 7 ga Disamba, 2024, ƙararrawa ta sake tashi a kan birnin. Roƙonmu ga masu wurin shaƙatawa na Paris shi ne su ware ɗaki ɗaya daga gidajen wasan da suke da su, su ɗauki mawaƙa, su mayar da wasan nan na rabin awa, da Faransanci, a rubuta sunan Victor Hugo a bakin ƙofa da manyan baƙaƙe. Daga tashar jirgin ƙasa da ke ƙofar wurin zuwa tsakiyar Paris tafiyar kamar minti 40 ce. Yaron da ya kalli wasan da hantsi zai iya tsayawa a gindin hasumiyoyin kafin la'asar.